Ina jin Turancin manya, amma na ƙananan yara ya gagare ni: daga ina matsalar take?

Wata baiwar Allah da ta koma Ingila da zama ta aiko da tambaya. Ta samu aiki a gidan renon yara a wani gari da ke arewacin ƙasar. Da Turanci ta yi karatunta tun daga firamare har jami'a, tana sauraron labarai ta gane tsaf, tana hira da iyayen yaran ba tare da wata wahala ba, amma da zarar ɗan shekara biyu ko uku ya buɗe baki sai ta rasa kan zancen. Ta ce ranar nan wani yaro ya yi ta cewa "poon, poon", ta ɗauka waya yake so, ta miƙa masa wayar wasa, ya yi jifa da ita ya fashe da kuka, sai abokiyar aikinta ta miƙo masa cokali ya yi tsit. Tana tambaya: kunnenta ne da matsala ko Turancinta ne bai kai ba? Ta ƙara da cewa ɗanta mai shekara biyu da rabi shi ma maganarsa ba ta fita sosai, kuma daga gida ana ce mata a daina yi masa Hausa, a kuma duba ko linzami gare shi.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a aikin. Na daɗe ina aikin duba matsalolin maganar yara, kuma abin da ya same ki ranar cokalin nan ya sami kusan duk wanda ya koyi Turanci a aji sannan ya zo ya tsugunna gaban ɗan Bature. Kunnenki lafiya lau, Turancinki ma ba shi da laifi.

Ki fara da sanin cewa su kansu Turawan ba sa gane duk abin da yaran ke faɗa. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Coplan da Gleason, sun fitar da ma'aunin da har yau ake yawan ambato: baƙon da bai saba da yaro ba yana gane kusan rabin maganar ɗan shekara biyu, kashi uku cikin huɗu na ɗan shekara uku, sai a wajen shekara huɗu ne yake gane kusan duka. Wannan ma ƙiyasin iyaye ne. A 2021 Katherine Hustad da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin sun ɗauki muryoyin yara sama da 500, suka kunna wa manyan da ba su san yaran ba, suka ce su rubuta abin da suka ji. Sakamakon ya fito ƙasa da wancan ma'auni, har ana samun lafiyayyen ɗan shekara huɗu wanda baƙo bai wuce gane rabin zancensa ba. Masu sauraron nan fa Turanci ne harshen da suka buɗi ido da shi. Abokiyar aikinki da ta miƙa cokali ba wani kunne na daban gare ta ba. Ta daɗe da yaron, ta san lokacin cin abinci ne, kuma ta sha jin yara suna cewa "poon". Ko a gida ai gwarancin yaro uwarsa ce ko yayarsa ke fassara wa baƙi.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, gwarancin nan yana da doka. Yaro ba ya lalata kalma yadda ya ga dama. Yana sauƙaƙa ta ne ta hanyoyi ƙalilan, kuma kusan duk yaran da ke koyon Turanci hanyoyin nan suke bi. In kin san su, sai ki riƙa mayar da kalmar asalinta a cikin kanki kafin yaron ya rufe baki.

Mu ɗauki cokalin. Kalmar ita ce "spoon". Turanci yana son tara baƙaƙe biyu ko uku a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba sam. Mu da muka gamu da irin wannan cunkoso sai muka riƙa cusa wasali a tsakani, shi ya sa muke da burodi da fulawa da firamare da sukudireba. Ɗan Bature shi ma cunkoson ya fi ƙarfin bakinsa, amma maimakon ya ƙara wasali sai ya jefar da baƙi ɗaya. In kalmar ta fara da s, yawanci s ɗin ce ke tafiya: "spoon" ta koma "poon", "stop" ta koma "top", "snake" ta koma "nake", "school" ta koma "cool". Wani lokaci ma za ki ji kamar "boon" ya ce, domin p ɗin da ke bayan s ba ta da iska mai ƙarfi. In kuwa baƙi na biyu l ne ko r, shi ne ke faɗuwa: "blue" ta zama "boo", "train" ta zama "tain", "please" ta zama "pease". Ciwo ɗaya ne da namu, magani ne ya bambanta. Sannan ga abin da ya ƙara rikita ki: Hausa ba ta raba p da f, duk ɗaya kunnenmu ke ɗaukarsu, don haka da kika ji "poon" sai ƙwaƙwalwarki ta lalubo kalmar da ta fi kusa, ta kawo miki "phone". Wannan rashin rabewar zai yi miki rana a wani wajen, domin yara da yawa suna cewa "pish" a madadin "fish", kuma ke za ki riga abokan aikinki ganewa.

Hanya ta biyu ita ce jawo sautin baya zuwa gaban baki. K da g a can bayan harshe ake yin su, t da d kuwa a gaba, bayan haƙoran sama. Yaro sai ya zaɓi na gaban: "car" ta koma "tar", "cup" ta koma "tup", "go" ta koma "doe". Ta uku kuma, sautukan da ke buƙatar a saki iska a hankali, irin s da sh da z da f, sai ya datse su: "sun" ta zama "tun", "sock" ta zama "tock" ko "dock", "shoe" ta zama "too", "zip" ta zama "dip".

In waɗannan suka haɗu a bakin yaro ɗaya, kalmomi da yawa sai su narke su zama guda. Ba na manta wani yaro ɗan shekara uku da aka kawo mini farkon fara aikina. Ya tsaya a bakin ƙofar kabad, ya ɗora tafinsa a kai, yana kallona yana cewa "tea, tea". Na ce masa ba mu da shayi a nan. Ya girgiza kai, ya sake faɗa da ƙarfi, idonsa ya ciko da hawaye. Sai da na bi yatsansa na ga ramin makulli yake nunawa. "Key" yake nufi, motocin wasa suna kulle a ciki. A bakin yaron nan "tea" tana iya zama shayi, ko makulli, ko teku wato "sea", ko bishiya wato "tree". A arewacin Ingila inda kike ma akwai ta biyar, domin mutanen can abincin dare suke kira "tea". Ba kunnen da zai raba waɗannan biyar da sauti kaɗai. Ido ne ke rabawa: ina yaron yake tsaye, me yake kallo, me ke hannunsa, ƙarfe nawa ne.

Wadda ta fi wahalar da mu Hausawa, a ganina, ita ce yar da gaɓa. Mu kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta, kuma haka muke karanta Turanci, ba-na-na, kowace a fili. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa da ƙarfi, sauran ya haɗiye su rabi da rabi. Yaro abin da ya fi ji shi yake maimaitawa, sai ya bar mai rauni, musamman in ita ce a farko. "Banana" ta koma "nana", "tomato" ta koma "mato", "pyjamas" ta koma "jamas", "computer" ta koma "puter", "again" ta koma "gain". Mu kuma da farkon kalma muka saba gane ta, kamar yadda muke nemanta a ƙamus, to ga shi farkon ne ya ɓace. Don haka in kika ji guntun kalma, ki tambayi kanki wace doguwar kalma ce ke da wannan a tsakiyarta ko ƙarshenta. Ki kuma lura, "nana" kan iya zama ayaba, kan iya zama kaka, domin haka yara da yawa a can ke kiran kakarsu mace.

Ƙananan cikinsu kan yar da baƙin ƙarshe ma, sai "bag" da "back" da "bat" duk su dawo "ba". A nan wasali kaɗai ya rage, kuma Turancin Ingila yana da wasula wajen ashirin, alhali mu biyar gare mu, kowane da dogo da gajere, sai tagwaye irin ai da au. Amma kina da makami: kunnen Bahaushe gwani ne wajen jin tsawon wasali, shi ya sa ba ma rikita gari na zama da garin tuwo. A Turanci wasalin "bag" ya fi na "back" tsawo, kuma yara da yawa suna riƙe wannan bambancin ko da sun yar da baƙin ƙarshen. Ki kasa kunne, za ki ji.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. R takan koma w, "rabbit" ta zama "wabbit", kamar yadda namu ke cewa yuwa kafin bakinsu ya iya ruwa. "Yellow" kan zama "lellow", "dog" kan zama "gog", domin baƙi ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa. Sharynne McLeod da Kathryn Crowe sun tattara binciken harsuna 27 a 2018, suka nuna cewa yawancin baƙaƙe suna zama daram a bakin yaro kafin ya wuce shekara biyar, kuma a Turanci r da th su ne 'yan baya: r wajen shekara biyar, th ɗin "thumb" har shekara shida. Saboda haka ɗan shekara huɗu da ke cewa "fum" bai makara ba.

Akwai kuma abin da ba tsamin baki ba ne ko kaɗan, karin harshen garin ne. Turancin da aka koya mana a makaranta ba shi ake yi a gidajen mutane ba. A arewacin Ingila "bus" da "cup" da wasalin u ake furta su. A wurare da dama t ɗin tsakiyar kalma haɗiye ta ake yi, "water" ta fito kamar "wo'a", da irin ɗan tsayawar maƙogwaron da muke yi a sa'a da ma'ana. A Landan da wasu garuruwan za ki ji babba da gemunsa yana cewa "free" yana nufin uku. Yaro ya ɗauki wannan a gida, ya ɗora nasa sauƙaƙawar a kai, sai abin ya zama hawa biyu. Ki riƙa sauraron iyayen da kyau in sun zo ɗaukar yaran. Sai kalmomin reno waɗanda ba a sa su a jarrabawa: "ta" na gode ne, "poorly" rashin lafiya, "tummy" ciki, "wee" fitsari, "dummy" robar tsotso. Kamar baƙo ne ya koyi Hausa a littafi ya zo ya ji ana ce wa yaro ya yi tata. Nahawu ma haka: "goed" da "foots" da "me do it" alama ce ta cewa yaron ya gano doka yana shimfiɗa ta ko'ina, kuma zai gyara da kansa.

To me za ki yi a lokacin da abin ke faruwa, yaro na gabanki kin kasa ganewa? Ki durƙusa fuskarki ta yi daidai da tasa, ki kalli leɓensa. In akwai roba a bakinsa ki lallaɓa a cire. In ɗakin da hayaniya ki ja shi gefe. Ki maimaita masa ɗan abin da kika kama, ki bar masa gurbin sauran: "You want the...?" In bai fito ba ki ba shi zaɓi biyu kina nuna su, madara ko ruwa, domin amsa a cikin biyu ta fi sauƙin ganewa. In har yanzu shiru, ki miƙa masa hannu ki ce ya kai ki ya nuna miki. Gidajen reno da yawa a Ingila suna amfani da alamun hannu na Makaton tare da magana, ki koyi ashirin ko talatin na yau da kullum, irin na ci da sha da ƙari da bayan gida, za su fitar da ke kunya sau da yawa.

Roƙo ɗaya nake miki da babbar murya: kada ki yi kamar kin gane alhali ba ki gane ba. Na san jarabar, a gyaɗa kai a ce "oh, lovely" a wuce. Yara suna ganewa, kuma wanda aka yi wa haka sau da yawa yakan daina ƙoƙari, ko ya koma cizo da jifa, domin su ne maganar da kowa ke ji nan take. Wata rana kuma abin da yake faɗa miki shi ne cikinsa na ciwo, ko wani ya taɓa shi. Gara ki ce masa kunnenki ne bai kama ba, ya taimake ki. Kada kuma ki sa shi maimaitawa fiye da sau biyu, a na uku murya kawai zai ɗaga, furucin ba zai canja ba.

In kin gane, ki mayar masa da kalmar daidai a cikin zance, ba tare da kin ce ya yi kuskure ba. Ya ce "poon", ki ce "Spoon! Here's your spoon." Kada ki kwaikwayi furucinsa. Tun 1960 Jean Berko da Roger Brown suka ba da labarin wani yaro da ke kiran kifinsa na roba "fis". Da babba ya tambaye shi ko wannan ne "fis" ɗinsa sai ya ƙi, ya yi ta musu, sai da aka ce "fish" sannan ya amince, ya ce e, "fis" ɗinsa. Kunnen yaro yana gaba da bakinsa nesa. Ya san daidai, harshen ne bai kai ba tukuna, kuma in kika kwaikwaye shi zai ji kamar ba'a kike masa.

Ki sami ɗan littafi ki ware wa kowane yaro shafi. Ki rubuta abin da ya ce da abin da ya zama yana nufi. Cikin mako biyu za ki ga dokokinsa sun fito fili, wannan mai yar da s ne, wancan mai mayar da k zuwa t ne. Ki tambayi iyaye sunayen 'yan gidan, da na kare ko kyanwa, da abin da yaron ke kiran bargonsa ko 'yar tsanarsa, domin rabin abin da ke gagarar ma'aikata sunaye ne waɗanda ba mai iya cankarsu.

Littafin nan zai yi miki wani amfanin da ya fi wannan, shi ne gane yaron da nasa ya wuce na ƙuruciya. Yar da baƙin ƙarshe ya kamata ya ragu jim kaɗan bayan shekara uku, mayar da k zuwa t wajen uku da rabi zuwa huɗu, cunkoson baƙaƙe da yar da gaɓa wajen huɗu. Akwai kuma alamun da ba na so a jira su ko a wace shekara: yaron da ke yar da baƙin farkon kalma ko da ba cunkoso, "ar" a madadin "car"; wanda ke yin akasin abin da aka saba, yana mayar da t zuwa k; wanda wasulansa ke karkacewa; wanda in ya faɗi kalma ɗaya sau uku za ta fito iri uku; wanda muryarsa ke fita ta hanci; wanda ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba; wanda ya kai uku amma iyayensa ma ba sa gane shi; da wanda yake da kalmomi sannan suka ɓace. Duk wanda kika ga haka gare shi, abu na farko a gwada jinsa. Taruwar ruwa mai kauri a bayan dodon kunne ta zama ruwan dare a ƙananan yara, ana ƙiyasin takwas cikin goma za su gamu da ita kafin shekara goma. Ba ta cika yin zafi ba, sau da yawa takan washe da kanta cikin wata uku, amma muddin tana nan yaron yana jin magana kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga, kuma sautuka marasa ƙarfi irin s da f su ne ke fara ɓace masa. Ba ke za ki gaya wa iyaye cewa ɗansu na da matsala ba. Ki kai littafinki wurin shugabar ɗakinku ko jami'ar kula da masu buƙata ta musamman, wadda ake sa ran kowane gidan reno a Ingila yana da ita, su za su yi magana da iyayen a nemi masu duba magana na hukumar lafiya ta NHS.

Sai maganar ɗanki. Kada ki daina yi masa Hausa. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma yaron da ke da matsalar furuci da gaske za ta bayyana a duka harsunan, cire ɗaya ba zai warkar da ita ba, sai dai ya raba shi da hira da kakanninsa. In za ki ƙirga kalmominsa ki haɗa na Hausa da na Turanci wuri ɗaya. Ki lura ko ya haura kalma hamsin, ko yana haɗa biyu irin "Mama zo" ko "ba ruwa", ko yana bin umarni ba tare da kin nuna da hannu ba. A Ingila ana duba kowane yaro tsakanin shekara biyu da biyu da rabi, to in ba a kira ku ba ki nemi ma'aikaciyar lafiya mai bibiyar yaran unguwarku, ki gaya mata damuwarki, ki nemi a gwada jinsa, ki kuma faɗa musu tun farko cewa Hausa ake yi a gida don a auna shi da harsunansa biyu. Game da linzami, yana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su, kuma yawancin masu tsamin baki harshensu a sake yake. Ki sa shi ya zaro harshe, ya lashi leɓensa na sama. In kin ga ƙarshen harshen yana lotsawa ciki ko ya kasa wuce haƙoran ƙasa, ki nuna wa likita. In kun je gida hutu aka kawo maganar wanzami, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, ki ce mata likita ne zai duba.